Ranar da Muka Ce a Ƙara

Yaran gidan nan ba sa iya sauraron waƙa har ƙarshenta. A wajen babbar 'yata na lura da haka, tana zaune a tsakar gida, igiya a kunne, yatsa na ta shafar gilashin waya. Waƙa ta fara, kafin mawaƙin ya gama gyara murya ta ture shi ta jawo wani. Na tambaye ta ko waƙar ce ba daɗi, ta ce, "A'a Baba, na san abin da zai faɗa ne, jiya ma na ji." Ban yi mata faɗa ba, don gaskiyarta ce, waƙar waya yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta yau. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ta mayar da ni Alƙahira, inda na taɓa tsayawa a kan ƙafafuna tun daga la'asar ina sauraron kiɗan da masu yin sa ma ba su san inda zai kai su ba.

Ban je Masar ina yaro ba. Na daɗe ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu kafin a ba ni gurbin karatu, na tafi da gemuna, na bar iyali a gida. Duk da haka shekarun nan su nake kira ƙuruciyata, don su ne kaɗai lokacin da na yi dariya ba tare da na waiga na ga ko ɗalibaina na kallona ba. A Darrasa muka zauna, hawa na biyar a wani tsohon bene, kuma har yau in na rufe ido ƙarar unguwar nake fara ji kafin in ga kamanninta. Mai sayar da gas yana buga tukunya da ƙarfe tun hantsi, mai sayen tsofaffin kaya yana jan murya kamar wanda aka yi wa sata, kiran salla yana tasowa daga masallatai goma a tare, wani na gaba wani na baya. Akwai kwandon da muke zurawa da igiya ta taga, mai shago ya zuba mana burodi da wake mu ja. Girki bi da bi ne, wanki kuwa kowa da ranarsa, kuma ranar da kuka da daddawa suka iso daga gida ranar salla ce. Mu uku ne a ɗakin. Akwai Ladan, mutumin Damagaram, wanda muka laƙaba wa sunan saboda in ya yi raɗa a hawa na biyar mai shago na jin sa a ƙasa. Akwai Shehi, Basakkwace siriri mai yawan karatu, wanda ko gishiri za a ƙara a miya sai ya kawo maka saɓanin malamai a kai.

Ran Juma'a bayan an sauko mukan shiga ƙaramar bas mu tafi unguwar Arba wa Nus, gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Haja. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanta ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin Hajji, tafiya ta tsaya masa a bakin kogi, jikoki suka tashi a can, rikici kuma ya koro su Masar. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, an yayyafa mata Larabcin Sudan. Takan tuƙa mana tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, ta zauna a kan tabarma tana kallonmu muna ci, tana yi mana huɗuba. "Samari, ku bi garin nan a hankali," in ji ta. "Baƙo makaho ne ko da idonsa." Mukan ce to Haja, mu ci gaba da loma, don a ganinmu wanda ya haddace nahawu ya wuce a kira shi makaho a ƙasar Larabawa.

Ɗanta shi ne Mai Garaya. Ya girme ni da kaɗan, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Mutum ne mai shiru, mai mata da 'ya'ya mata biyu, kuma aikinsa yankan dutse a wata masana'anta can bayan gari, inda injin zarto ke cin dutse kamar wuƙa a cikin sabulu. Garayar ta kakansu ce, an sha sake mata fata da tsirkiya. In ya ɗauke ta bayan cin abinci, ko Shehi, wanda ke cewa garaya kiɗan 'yan bori ce, sai ka ga babban yatsan ƙafarsa na motsi a cikin safa. A shekarar da nake magana injin ya ɗauke wa abokin aikinsa yatsu uku, a gabansa. Tun daga ranar, in ya dawo daga aiki Haja ba ta amsa sallamarsa sai ta kama hannuwansa ta jujjuya. Kowa a gidan ya san dole ya bar aikin nan, kowa kuma ya san babu wani aikin da ke jiran baƙar fata ɗan gudun hijira a garin.

Sai wata ƙofa ta ɗan buɗe. A wani bikin 'yan Sudan, wani Bamisire mai kaɗa udu, molon Larabawa mai ƙaton ciki, ya ji garayarsa. Mutumin yana da ƙungiyar makaɗa su biyar, suna ce masa Rayyis, wato shugaba, kuma suna da masoya na haƙiƙa, irin masu bin su duk inda za su yi wasa. Salonsu ne abin mamaki. Ba sa tsara kiɗa. Ɗaya zai jefa ɗan gajeren amo, wani ya cafe, wani ya murɗa shi, su yi ta bi har sai abin ya ƙare don kansa, wani lokaci waƙa ɗaya ta ci rabin sa'a. Ƙa'idarsu guda ce, kiɗa ba ya mutuwa a tsakiya, duk abin da ya faɗo a ciki sai a kaɗa shi. Rayyis ya gaya wa Mai Garaya cewa shi ba ya gwada mutum a ɗaki. Zai hau da shi dandali sau ɗaya a gaban jama'a. In ya zauna a cikin kiɗan, ya zama ɗan ƙungiya, yana da kasonsa a kowane wasa, in bai zauna ba kowa ya kama gabansa. An ce ya yi wa mutum biyu haka kafin shi, duka bai sake kiransu ba.

"Malam, ina so ku zo," in ji Mai Garaya. "Ko mutum biyu ne. In na ɗaga kai in ga fuskar da na sani."

Ladan ya ce, "Mutum biyu? Wallahi Yaya, Darrasa za mu kwaso maka gaba ɗaya."

Shehi ya ce shi ba ya zuwa wajen kiɗa. Da ranar ta zo shi ya riga kowa sa takalmi, ya ce zai bi mu ne don ya tsare mana mutunci. Ladan ya tara ɗalibai kusan goma sha biyar, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Zariya, kowa da hula da doguwar riga kamar masu zuwa ɗaurin aure. A lokacin gari ba lafiya, akwai dokar hana fita da dare, saboda haka wasanni da rana ake yin su. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Giza, muka yi la'asar a wani ƙaramin masallaci, muka gangara wani lambu a bakin kogi. Samari da 'yan mata sun cika wurin, masu gashi buzu-buzu da masu gyale, kowa ya juyo yana kallon wannan ayari na malamai da ya ɓato hanya.

Zan faɗi ra'ayina a kan wasan, don na sha faɗa a gaban waɗanda suka fi ni son ƙungiyar. Farkonsa bai burge ni ba. Mai busa ƙahon Turawa yana da son a sani, in ya kama busa ba ya saki sai fuskarsa ta yi ja. Mai jita kuma idonsa a rufe, kamar shi kaɗai ne a duniya. Mai ganga ne gwani, wani gajere mai sanƙo, da tablarsa a kan cinya, shi ke riƙe da su duka kamar uwar gida da ke lura da tukwane uku. Misirawan kuwa in abu ya yi musu daɗi sai ka ji sun ja "Allaaah," abin da ya sa Shehi ya yi ta istigfari a ƙarƙashin numfashi. Mai Garaya na zaune a gefe a kan kujerar roba, garaya a cinya, ba a ba shi hanya ba har rana ta fara ja. Na ga yana goge tafin hannunsa a wando.

Sannan Rayyis ya dube shi ya ɗaga haɓa. Abin da ya fito daga tsirkiyoyin nan biyu, ni dai kiɗan daka na ji, luguden mata uku a turmi ɗaya da hantsi, a wani gida da ban taka ba shekara biyu. Mai ganga ya saurara kaɗan ya shiga. Udu ta biyo baya tana lallaɓawa, har mai ƙahon ya sami hankali ya yi ƙasa da murya. Na tuna matata, na tuna 'yata da na baro tana rarrafe, hawaye ya zubo mini ban ji kunyar kowa ba. Da kiɗan ya sauko ya yi laushi kamar zai tsaya, wurin ya yi tsit, kowa na jiran ya ga inda za a bi. A cikin wannan shirun ne Ladan ya cika ƙirjinsa da iska.

"Ƙara!" in ji shi. "Ƙara! Ƙara!"

Mu ma muka ɗauka, mu goma sha biyar, muna tafi muna ɗaga hula. Me ya fi wannan yabo a wajen Bahaushe? Abin da muka manta shi ne kunnen da ke sauraronmu. Harafin nan na maƙogwaro da Larabawa ke fara kalmar khalas da shi, wato shi ke nan, yawancinmu "ka" muke mayar da shi, kuma Misirawa sun saba, in baƙar fata ya ce kalas sai kunnensu ya gyara masa. To, da suka ji ƙara, sai suka gyara mana kamar kullum. Kalmar da ta fito bayan gyaran ita ce sunan abin da mutum ke barowa a bayan gida, kuma da ita suke zagin abin da ya lalace ƙarshen lalacewa. Ba ta cikin littattafan da muke karantawa. Ga malamai goma sha biyar da gemu da hula, sun ƙetaro gari, suna yi wa ƙungiyar da mutane ke ƙauna ihun kashi a tsakiyar wasa.

Wani ƙato da ke gabanmu ya juyo ya dubi Ladan. "Me ka ce, ya Ustaz?"

Ladan ya washe baki, ya ɗaga masa babban yatsa, ya maimaita masa a fuska da ƙarfi don ya ji da kyau.

Shehi ne ya fara ganewa, don wani direban bas ya taɓa jifansa da kalmar. Ya damƙi hannun Ladan. "Inna lillahi! Ladan, rufe bakinka, ka kashe mu. Baki shi ke yanka wuya!" Ya raɗa mini ma'anar a kunne. Mutane sun fara matsowa, ana nuna mu da yatsa, wata robar ruwa ta wuce ta saman hulata. Amma wallahi ba duka nake tsoro ba a lokacin. Dandali nake kallo. Rayyis ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin udu, ya juya yana kallon Mai Garaya da fuskar da ke cewa, waɗannan naka ne? Mai jita ya buɗe ido. Na ce a raina shi ke nan, mutum ya roƙe mu fuskar da ya sani, mun zo mun mayar da shi bakin injin da hannunmu.

Mai ganga ne kaɗai bai tsaya ba. Yana ta ɗan taɓa fatar da yatsa biyu, a hankali, don ƙa'idarsu ta hana kiɗa mutuwa. Mai Garaya ya dube mu, ya dubi ƙasa. Sai ya ja tsirkiya sau biyu, amo ɗaya ƙasa, ɗaya sama, daidai yadda kalmar ke fita a bakin Bahaushe. Ya sake. Ya sake. Ya jawo abin maganar da aka kafa wa garayarsa zuwa bakinsa, shi da ba a ce ya yi waƙa ba, ya rera da Larabcinsa na Sudan cewa waɗannan dangina ne, harshen kakana suke yi, a wajenmu ƙara tana nufin kaman, wato a sake, a daɗa. Ya rera kalmar tamu, ya rera tasu, yana ɗora kowace a kan amon nan biyu. Wata mata can gaba ta fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da birki. Dariyar ta bi layi tana yaɗuwa. Sai na ga Rayyis ya ɗage tafinsa, ya mayar wa garaya amon nan biyu da udu. Mai ganga ya saki hannu, kiɗa ya tashi. Ƙaton da ke gabanmu ya rungume Ladan yana ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri, yana ƙoƙarin furta kalmar yadda muke yi, tana fito masa ta ɗaya hanyar, jama'a na faɗuwa da dariya. Rabin lambu na cewa kaman, mu muna amsawa da tamu, har rana ta faɗa bayan gine-gine.

Babu wanda ya ɗauki wasan nan a cikinmu. Wayoyinmu na lokacin na kira ne da fitila, kuma wanda ke tsoron a fasa masa kai ba ya tuna hoto. Yanzu kuwa ko atishawa aka yi a biki sai an ɗauka, a tura, a manta. Mu ba mu da komai sai musu, kuma musun ya ƙi tsufa. In muka haɗu a waya, Ladan na Damagaram, Shehi na Sakkwato, ba ma yin minti goma ba a koma lambun ba. Ladan ya rantse kiɗan ƙarshen ya fi sa'a guda, kuma ihunsa ne ya ba wasan gishiri, ya kamata ma a gode masa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Shehi ya ce bai kai rabin haka ba, mai ƙahon ne ya ɓata ƙarshensa, sannan ya ƙara da cewa shi dai ba saurara yake yi ba, tsaron mutunci ya je. Wani Bamisire da ya bi ƙungiyar shekaru ya taɓa gaya mini cewa ya gan su sun fi haka ƙwarewa sau da yawa, amma bai taɓa ganin sun yi wasa da rai a hannu kamar ranar ba. Ni kuma abin da na riƙe ba a kan dandali ya faru ba.

Da aka tashi, mutane na gaggawar tafiya saboda doka, na ja ƙafa na zagaya bayan dandali. Rayyis na goge udunsa da tsumma, Mai Garaya na tsaye a gefe. Na tattaro duk Larabcin littafi da na mallaka na fara ba da haƙuri, na ce laifin namu ne, jahilci ne, kada a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

"Khalas, ya Maulana, khalas," in ji Rayyis. "Kana magana kamar mai karanta labarai a rediyo." Bai yi murmushi ba. Ya sa udu a jaka, ya ja zif a hankali har ƙarshe, sannan ya dubi Mai Garaya. "Masu iya kaɗawa suna da yawa a garin nan. Wanda zai ga tukunya ta kife ya kwashe ya ba mutane su ci, shi ne ba ni da shi. Ran Talata bayan azahar, kada ka makara. Danginka kuma ka riƙa kawo su, amma a tsayar da su can baya."

Muka kama hanyar tashar jirgi, ɗalibai a gaba suna tsokanar Ladan, ni da Mai Garaya a baya, garaya a cikin buhu a kafaɗarsa. Jikina ya yi sakayau, ina ta surutu don murna. Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya. Wallahi da mun jawo an ƙi ka, ka koma wajen dutsen nan saboda mu, da ban yafe wa kaina ba."

Ya yi 'yar dariya. "Wane dutse, Malam? Ai tun ran Alhamis na mayar musu da takalminsu da safar hannu. Na nemi hutun yini ɗaya don wasan nan, mai wurin ya ce in na fita kada in dawo. Kafin in kai ƙofa ya sa wani a kan injina."

Na tsaya cak. "Haja ta sani?"

"Ko matata ba ta sani ba."

Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni, bayan abin tsoron ya wuce. Na tuna 'yan matansa biyu, na tuna tsohuwar da ke tuƙa mana tuwo duk Juma'a da guminsa, na tuna yadda muka wage baki mu goma sha biyar. Na zauna a bakin titi da doguwar rigata, motoci na wucewa, ina maimaita hamdala kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Mai Garaya ya tsaya a kaina yana kallona, ya gyara buhun a kafaɗa.

"Yalla, tashi Malam," ya ce. "Ai an riga an ɗauke ni."